Mushen Rediyon Malam Tanko

Ku masu gyaran waya na layinmu a nan Mararraba, da kuka raɗa min suna Baba Analog, saƙonku ya iso. An ce kun ce gyaran rediyo ba aiki ba ne, wai buɗewa ake yi a hura iska a rufe a miƙa hannu. Madalla. An kuma ce kun leƙa ƙarƙashin bencina kun ga kwalaye cike da tsofaffin fanel, kun yanke hukunci cewa tsufa ya fara taɓa min kai, na koma jari bola. Wannan ma madalla. Ni aji huɗu na yi a firamare, shi ma na huɗun rabinsa a bakin tasha na yi shi, saboda haka in kun ga kuskure a rubutun nan ku gyara da kanku, tunda ku ne injiniyoyi. Amma labarin kwalayen nan sai na ba ku shi, kada in mutu ku auna wa 'yan bola a sikeli ba ku san abin da kuka sayar ba.

Aikin farko da aka bari na taɓa da hannuna rediyon wani direban tanka ne, a shagon maigidana Malam Ladan a Sabon Garin Zariya. Kafin ranar nan shekara biyu na yi ina fifita gawayi, don a lokacin ayan ɗinmu na narka dalma ba na lantarki ba ne, ƙarfe ne mai kan tagulla da ake cusawa cikin garwashi. In ya yi sanyi dalma ba ta kamawa, in ya yi zafi da yawa ka ƙone fanel, wato allon nan da ake dasa ƙananan kayan rediyo a kansa. Ba agogo, ba lamba. Kusa da kunci ake kai shi a ji. Ku duba kumatuna na dama in kun zo gaisuwa, satifiket ɗina yana nan.

Na buɗe rediyon direban, na gano wata 'yar ƙwaya da muke kira kondensa ta kumbura, na cire na sa sabuwa, rediyo ya yi magana. Murna ta kama ni, na ɗauki tsohuwar na wurga a kwata. Malam Ladan bai ko ɗago kai ba, ya ce, “Sale, ina mushen?”

Na ce, “Wane mushe, maigida?”

“Abin da ka cire.”

“Ai ta mutu, na yar.”

“Ta ubanka ce?”

Na ce a'a. Ya ce to in naɗe wando in shiga. Kwatar Sabon Gari ta wancan zamanin, wanda ya sani ya sani. Sai da na lalubo abin nan da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, na wanke, ya sa na naɗe a takarda na miƙa wa direba hannu biyu. Bayan ya tafi ne maigida ya ce, “Mai kaya ba ya ganin cikin kayansa. Abin da ka gaya masa shi ne idonsa. Duk abin da ka cire, ko ya mutu ko ya suma, naɗe ka ba shi, shi ne shaidarka.” Doka ta biyu da ya koya min a makon nan ita ce ta masu hula. Tiransistoci ne na dā, masu jikin ƙarfe kamar an kifa musu 'yar hula, ƙafa uku. Ba sa son zafi ko kaɗan. In za ka liƙa su sai ka danne ƙafar da filaya, zafi ya tsaya a filayar kada ya hau sama, ka taɓa ka ɗauke kamar mai ɗanɗana miyar surukai. Dokoki biyu ke nan. Ku riƙe su, za mu dawo kansu.

Na zo Abuja ana cikin gini, na samu rumfar kwano a wani layi a Nyanya, tsakanin mai walda da mai ɗinkin kujerun mota. Da mulki ya dawo hannun farar hula sai kuɗi suka shigo garin kamar an fasa madatsa. Kowane lungu coci, kowace coci da amfilifaya, kowane masallaci yana so lasifikarsa ta fi ta maƙwabci tashi. Masu kiɗan biki su ƙona amfi ranar Asabar, su kawo min ranar Litinin suna rantsuwa da kansa ya mutu. Rediyo kuwa ya fara ja da baya, don an cika kasuwa da na roba masu araha, in ya lalace a ba yara su yi mota da shi. Duk da haka ban rasa abin cefane ba.

Wata Asabar mota mai sheƙi ta tsaya a bakin layinmu, wani mutum ya fito da shadda da tabarau, da takarda a hannu. Na zaci mai karɓar haraji ne, har na fara tari don a tausaya min. Ya yi sallama ya ce, “Kai ne Baba Sale? An ce kana karanta zane.” Shi ne Oga Bashir, mutumin Katsina, babba ne a wata ma'aikatar tarayya. Ya koyi kaɗa gita lokacin da ya je karatu ƙasar waje, kuma har ranar nan surukansa ba su sani ba. Takardar zanen wani ɗan akwati ne da ya ciro daga intanet. Ya ce sunansa feda, ana ajiye shi a ƙasa tsakanin gita da amfi, in an taka da ƙafa sai muryar gita ta sauya.

Na duba zanen, bai kai rabin na ƙaramin rediyo ba. Na ce, “Oga, wannan in an haɗa shi ƙara zai yi. Muryar za ta dishe, ta fashe.”

Ya ce, “Yauwa! Ita nake so.”

“Fashewar?”

“Ita.”

Na ajiye takardar na dube shi da kyau. Shekara talatin ina korar wannan ƙarar daga amfin mutane, har an san ni da haka, yau ga mai digiri biyu ya bar gidansa mai sanyi ya zo in ƙera masa ita. Na ce, “Oga, da ka faɗa tun farko, ai ga amfin cocin can da ya lalace, ɗauki kyauta.” Ya yi dariya har ya cire tabarau.

Na haɗa masa a cikin akwatin ƙarfe na makunnin wuta. Asabar ta gaba ya zo da gita a but ɗin mota, an lulluɓe ta da darduma, da abokinsa Mista Bulus, mutumin kudancin Kaduna da ke kaɗa wa cocinsu. Aka jona, Oga Bashir ya taka, ya ja tsirkiya ɗaya. Abin ya yi kuka kamar jaki ya haɗiye zuma. Mai walda ya kashe injinsa ya leƙo. Oga Bashir kuwa ya rufe ido, ya yi ta kaɗawa har la'asar. Ku rubuta wannan ranar, domin ita ce ta farko kuma ta ƙarshe da na ga mutumin nan ya kaɗa gita da gaske.

Daga nan ciwon ya kama shi. Ya ce wannan fedar ta yi, amma akwai wadda ta fi ta. Duk abokin aikinsa da za a tura kos ƙasar waje sai ya ba shi saƙo, a dawo masa da fanel tsirara, ba a dasa komai a kai ba, kore da ja da shuɗi, kowanne a 'yar ledarsa. Wannan na amsa-kuwwa ne, wannan na rawar murya, wannan irin na farko ne amma wai layinsa ɗaya ya bambanta. Mista Bulus ya kamu, ya jawo wani likita, likita ya jawo wani lauya. Rumfata ta zama majalisarsu ta Asabar. Su zauna a benci da manyan riguna suna fito da fanel daga aljihu, suna ɗagawa a rana, suna musaya kamar masu kiwon tattabaru.

“Wannan kana da shi?”

“Ina da biyu, amma nawa bugun baya ne.”

“Ba ni ɗaya in ba ka jan nan.”

“Ja? Allah ya kiyaye. Sai dai ka haɗa da shuɗin.”

Ni kuwa in ce, “Oga, yaushe za mu haɗa na makon jiya?” Ya ce, “Bari na Jamus ya iso tukuna, Baba, a haɗa su tare.” Na Jamus ya iso, a jira na Japan. A shekara guda, in ban yi ƙarya ba, feda uku muka gama tsakanin mutum huɗu, ukun ma Mista Bulus ne ya matsa, don shi yana da Lahadi da ke jiransa.

Sai suka gano cewa wai sababbin kaya ba sa ba da ainihin muryar, sai masu hula na cikin tsofaffin rediyo. Nan 'yan bola suka shigo. Ba a yi wata biyu ba duk mai tura baro daga Nyanya har Masaka ya san akwai wasu manya da ke sayen gawar rediyo. A kawo, a fasa, a zare fanel, a yar da gangar jiki. Na ga rediyon da ƙura kawai ke damunsa an fasa shi don ƙwaya biyu. Na ce musu wannan kamar yanka saniya ne don a ciri harshe. Lauya ya ce, “Baba, ba za ka gane ba.” Na ce haka ne, aji huɗu na yi.

To, akwai wani rediyo da nake gani sau ɗaya a shekara, kwana kaɗan kafin azumi. Na Malam Tanko ne, mai goro a kasuwar Karshi. Dattijo ne da yanar ido ta rufe masa gani, haske da duhu kawai yake bambancewa, amma shi kaɗai yake shigo mota ya zo, duk kwandastocin hanyar sun san shi. Rediyon mai rigar fata ne, ya girmi wasu iyayenku. Yana kawo shi a duba kafin tafsiri, kamar yadda ake kai mota sabis kafin tafiya. Batir ɗinsa kuwa ba ya yarwa. In sun yi sanyi ya shanya su a rana a kan buhun goro, ya mayar, rediyon ya ci gaba da magana a hankali. Abin da masu hula suka fi na yanzu ke nan, da ɗan abin da ya rage a batir suke aiki. Kuma shi ba ya ƙure murya, can ƙasa yake sa ta, ya kara a kunne.

Yana da wani gwangwanin alawa da yake zuwa da shi a aljihu. Duk mushen da na taɓa ba shi, da na masu gyaran da suka riga ni, yana ciki. Yakan girgiza min shi ya ce, “Sale, ka ji katin asibitinsa.” In na ba shi sabon mushe sai ya warware takardar, ya murza abin a yatsa, ya tambayi sunansa da laifin da ya yi, sannan ya jefa a ciki.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar rusau. Wata safiya muka zo muka tarar an shafa wa duk layinmu jan fenti. Ba wanda ya san ranar da za a rushe. Mai walda ya fara kwashe kaya, mai kujeru ya ce shi sai dai a rushe da shi. Cikin wannan hali Malam Tanko ya kawo rediyonsa ranar Asabar, ya ce muryar tana ɗaukewa tana dawowa, ya bar shi zai wuce gaisuwar rasuwa, sai Talata. Na buɗe baya. Ba abin da ya same shi, waya ɗaya ce ta saki a wajen maɓallin murya. Aikin minti biyu. Ina cikin ɗora ayan sai na ji numfashi a wuyana.

Oga Bashir ne. Ya ce, “Baba, tsaya. Matsar da hannunka.”

Masu hula biyu ne a jere kusa da lasifika, kowanne da ɗigon jan fenti a ka. Ya ciro wata takarda daga aljihu, ya duba lamba, ya sake dubawa. Ya ce shekara biyu yana neman wannan lambar, kuma ga su tagwaye, tun daga masana'anta aka haɗa su.

Na ce, “Na mutane ne, Oga.”

“A sayi rediyon gaba ɗaya. A ba shi sabo, babba, mai kaset.”

“Ba zai sayar ba. Ko matarsa ba ta taɓa shi.”

“To ka sa masa sababbi mana. Ba sun fi ƙarfi ba? Kai da bakinka ka ce na yanzu sun fi jure wahala. Gyara ka yi masa, ba cuta ba.” Ya dubi jan fentin da ke jikin ƙofata. “Wannan kuma, akwai wani ɗan ajinmu a ofishin da takardar layin nan take. Ba na yi maka alkawari ba ne, amma magana ɗaya ce.”

Ba zan ce muku shaiɗan ba ne. Shaiɗan bai iya riƙe filaya ba. Ni na danne ƙafafun nan shida ɗaya bayan ɗaya, na zare su lafiya ƙalau ko gumi ba su yi ba, aikin da Malam Ladan zai yi alfahari da shi in bai san dalili ba. Na dasa sababbi na roba, na ɗan sauya abin da ya kamata a sauya, na sa sabon batir na gwada. Rediyo ya tashi garau, har ya fi dā ƙarfi. Oga Bashir ya naɗe nasa a hankici ya tafi ko sallama bai yi wa su likita ba.

Talata Malam Tanko ya zo. Ya zauna, ya jingina sanda, ya fito da gwangwani ya ajiye a cinya, ya miƙo tafin hannu.

Na ce, “Bana ba mushe, Malam. Waya ce ta saki, na liƙa.”

“To, alhamdulillahi. Tsoho ya ƙi mutuwa.”

Ya karɓa, ya shafa rigar fatar, ya zare batir ɗina ya miƙo min, ya ciro nasa shanyayyu daga aljihu ya zuba. Ya kunna, ya rage murya can ƙasa, ya kara a kunne. Daga inda nake ina ji. Muryar mai labarai tana fita a tsinke, tana kakkaryewa a ƙarshen kowace kalma, kamar mai magana ta cikin tsumma. Da sabon batir da babbar murya ba za ka taɓa ji ba. Ni kuma da su na gwada.

Ya juya tasha, ya dawo. Ya kashe. Ya ajiye shi a kan benci.

“Sale.”

“Na'am, Malam.”

“Ka ce ba wanda ya mutu.”

“Haka ne.”

“To wane ne wannan yake magana a ciki?”

Na fara yi masa turancin aji huɗu, wai yanayi ne, wai batir ɗinsa ne suka gaji. Ya ce batir ɗin nan da su ya ji labaran safe ranar Asabar kafin ya taho. Ya mayar da gwangwani aljihu, ya laluba sanda, ya tashi. Rediyon yana kan benci.

“Malam, ka manta kayanka.”

“Ban manta ba. Nawa na kawo maka. In ya dawo ka san rumfata.”

Washegari na nemi Oga Bashir, aka ce ya tafi kos, sai bayan Sallah. Azumi ya kama. Na shiga buhunan da 'yan bola suka tara, na zaɓo masu hula biyu da suka yi kusa da juna a mitar awo, na dasa, na hau motar Karshi da azumi a bakina. Na same shi a rumfa, buhun goro a gaba, wajen da rediyo ke zama ba komai. Wani maƙwabcinsa ya ƙure nasa na roba don Malam ya ji tafsiri, shi kuwa ya juya wa abin ƙeya. Ya karɓi nawa, ya zuba batir ɗinsa, ya saurara. Ya ce, “Wannan ƙanensa ne.” Ya miƙo min. Bayan kwana goma na koma da wasu. Ya ce, “Wannan maƙwabci ne. Sale, kana wahalar da kanka da azumi. Abin da ka ɗauka za ka mayar, ba kamarsa ba.” Ban taɓa ce masa na ɗauki wani abu ba. Ban kuma musa ba.

Kwana shida bayan Sallah katafila ta zo, da hantsi, da motar 'yan sanda a bayanta. Mai kujerun da ya ce sai a rushe da shi, shi ya riga kowa gudu. Na fito da mita, da ayan, da filaya, da rediyon Malam Tanko a hammata. Amfin mutane uku suka tafi a ciki, na shekara ina ba da haƙuri. Ɗan ajin Oga Bashir kuwa, daga baya na ji wai an yi masa canjin wurin aiki tun kafin a shafa fentin. Ban ce Oga ya sani ba. Ban ce bai sani ba.

Da ya dawo na je gidansa a Gwarimpa, karo na farko. Hajiyarsa ce ta buɗe. Da ta ji sunana ta ce, “Au, kai ne Baban fanel? Don Allah in kwashewa ka zo yi, ni zan kira mota.” Ta nuna min ɗakin baƙi, ta ce shekara biyu ke nan baƙo bai kwana a ciki ba.

Na shiga gidajen mutane da yawa a aikin nan, ban taɓa ganin ɗaki irin wannan ba. Kanta daga ƙasa har silin, bango uku. Kwalaye da robobin abinci, kowanne da lamba. Fanel tsirara ɗaruruwa a leda, ko yatsa bai taɓa su ba. A kan gado an tara na tsofaffin rediyo, da ƙurarsu da gizo-gizonsu. Har bayan ƙofa an rataye wasu a zare kamar kuɓewar shanya. Gitar tana saman kabad a cikin dardumarta. Na ɗaga gefe na leƙa, tsirkiyoyin sun yi tsatsa.

Oga Bashir ya shigo da fara'a, ya yi min jaje na rumfa, ya ce abin ya ba shi mamaki ƙwarai. Na ce ba wannan ya kawo ni ba, masu jan ɗigon nan nake so, mai su ya gane.

“Makahon? Haba Baba.”

“Shi.”

Ya sosa ƙeya. Ya ce ai da ma yana so ya neme ni a kansu. Wai daren da ya kawo su ya kasa haƙuri, ya ce wannan karon da hannunsa zai haɗa, ya sayi ayan mai tsada tun bara bai taɓa kunnawa ba. Ya ɗauko wani fanel shuɗi daga kanta. Ga su nan a kai. Dalma ta taru a ƙafafunsu kamar kashin awaki, allon ya yi baƙi a kewaye. Ya ce ya jona bai ji komai ba, ko akwai inda ya juya?

Na ce, “Oga, da ka liƙa, ka danne ƙafar da filaya?”

“Filaya kuma? Zanen bai ce ba.”

Zanen bai ce ba. Na zare su a nan ɗakin da ayan ɗinsa, na ɗora a mita. Allura ba ta motsa ba. Na juya ƙafa, na sake. Na farko shiru, na biyu shiru. Shekara arba'in suna magana a Karshi da batir shanyayye, minti biyar suka yi a Gwarimpa.

Ya ce, “Kash. To ba komai, Baba, akwai wasu da ke zuwa daga Rasha, an ce har sun fi waɗannan.” Ya karɓi shuɗin fanel ɗin, ya hure shi, ya mayar cikin leda, ya sa a gurbinsa. Na roƙe shi 'yar takarda. Ya yago min gefen wani zane.

Ranar kasuwar Karshi na je. Na gaishe da Malam Tanko, na ajiye rediyon a kan buhu, na kama hannunsa na sa masa ƙunshin. Ya warware, ya murza su a yatsa, ya shafa hulunan ɗaya bayan ɗaya.

“Sunansu?”

“Masu hula. Su ne muryar.”

“Laifin me suka yi?”

“Ba su yi ba. Da ransu na cire su na ba wani, don a bar min rumfa. Shi ya ƙone su.”

“An bar maka rumfar?”

“An rushe.”

Ya gyaɗa kai. Bai yi wa'azi ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ciro gwangwani, ya buɗe, ya jefa su, ya rufe, ya girgiza a kunne sau ɗaya. Sannan ya laluba cikin buhu ya zaɓo goro fari babba ya ba ni, kamar yadda yake ba ni kowace shekara in na gama aiki.

Na ce, “Malam, rediyon fa? Yana yi. In aka sa sabon batir yana yi sosai.”

Ya ce, “Tafi da shi. Mai gidan yana nan a gwangwani, me zan yi da kango?”

Ya rayu shekara uku bayan nan. Maƙwabtansa sun ce 'ya'yansa sun saya masa rediyo har biyu, ya ba jikoki. Ni ban sake ganinsa ba sai labari.

Majalisar Asabar ta watse da rumfar. Mista Bulus yana zuwa nan jefi-jefi, fedarsa ɗaya ce tun ta farko, duk fentin ya goge, ita yake takawa kowace Lahadi. Shi ya gaya min Oga Bashir ya yi ritaya ya koma Katsina, kuma mota guda aka yi wa kwalayen daban.

Saura labarin nawa kwalayen. Da na samu wannan gurbin a Mararraba na ce wa 'yan bola duk wanda ya ga tsohon rediyo mai rigar fata ya kawo, ko Allah zai sa in dace da masu jan ɗigo in kai Karshi. Na samu masu lambar sau da yawa. Na dasa, na sa batir shanyayye, na rage murya, na kara a kunne. Wani ƙane, wani maƙwabci. Da aka ce min Malam ya rasu na ce to an gama. Asabar ta zagayo wani ya turo baro da rediyo biyu, na saya. Bara na ƙirga kwali tara, na daina ƙirgawa. Na ma fara sa musu lamba, don kada su cakuɗe. In kun ga abin dariya a nan ku yi, ni ma na yi wa wani.

Ku kuma da kuke cire fuskar wayar mutum ku jefa a durowa, ku ce masa ta mutu, gobe ku dasa wa wani ku ce sabuwa ce, kada ku zaci ban gani ba. Idona bai mutu ba tukuna, kuma wanda nasa ya mutu ma na ga abin da ya gani. Takarda ba ta da tsada. Ga tsohuwar jarida nan a kan bencina, kusa da rediyo mai rigar fata, duk mai so ya zo ya yaga. Jaridar kawai na ce. Rediyon kada wanda ya kunna, ba nawa ba ne.